Bangon da Hedimasta Bai Ba Maki Ba

"Duk ajin nan bahagwai ne?"

Hedimasta ya yi tambayar bai ko ɗago kai ba. Mujallar tana kan cinyarsa, tabarau ya zamo ƙarshen hanci, jan biro a hannu. Mai Fenti, wanda ya leƙo da niyyar ya gaisa ya wuce, ya tsaya ƙafa ɗaya ciki ƙafa ɗaya waje.

"Wane aji, Baba?"

"Ajin da ka ɗora a bangon mujallarka mana. Matso ka gani. Wannan da hagu yake rubutu. Wannan ma da hagu. Wannan 'yar mai kitson ma da hagu. Na ƙarar da ƙuruciyata a gaban allo ban taɓa haɗa bahagwai uku a aji ɗaya ba, kai ga shi ka cika aji taf da su. Makaranta aka buɗe musu ba a gaya mini ba?"

Mai Fenti ya matso ya duba. Ya san yadda aka yi. Hoton da ya samo, yaran wajen ɗinkin mujallar suke kallo, shi kuwa a jami'a an koya masa cewa fuskar da ke bango ta kalli inda ake buɗewa, don ta ja mai karatu ciki. Sai ya juya hoton a kwamfuta, dama ta koma hagu. Edita ta gani ta yaba. Maɗaba'a ta buga. Mujallar ta zaga makarantu, babu wanda ya ce uffan, sai wannan tsohon da ido ɗaya ma ya soma yi masa gardama.

"Ƙa'idar aiki ce, Baba. Ana so fuska ta..."

"Agogon bangon ajin ma da baya yake tafiya. In an jima a ajin nan sai a koma jiya." Ya zana da'ira a kan agogon, ya rubuta lamba a kusurwa. "Biyu. Ɗaya don launin bai yi laifi ba, ɗaya don ka kawo kanka ba a aika maka ba."

Daga kicin Iya, matar Hedimasta, ta ɗaga murya. "Malam, ka bar yaron nan ya tafi aikinsa."

Yaron da ake magana ya ba arba'in baya, sanƙo ma ya fara yi masa sallama.

Mai Fenti dai ba fenti yake yi ba. Ya yi jami'a, ya karanta zane da tsara shafi, takardar shaidarsa tana cikin gilashi a falo inda baƙo ba zai kasa gani ba, kuma shi ke tsara bangon wata mujallar malaman makaranta da ke fitowa wata-wata. Kuskurensa ɗaya: ranar da ya tare a gidan da ke jikin na Hedimasta, ya tsaya yi wa tsohon bayanin sana'arsa dalla-dalla. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, mai fenti ke nan." Sunan ya bi shi har layin ya manta na yanka.

Tun daga lokacin, duk watan da mujalla ta fito, Hedimasta sai ya duba bangon kamar aikin gida, ya ba da maki cikin goma. Cikin mujallar bai dame shi ba. Ya ce masu rubutu a ciki sun riga sun lalace, ba sa gyaruwa. Bango kuwa shi ne ƙofar aji, daga ƙofa ake gane malami.

Watan da aka sa yara duk sun ɗaga hannu suna washe baki, ya ce, "Ajin da kowa ya san amsa me zai yi da malami? A sallame shi ya je ya yi noma." Watan da aka zana yaro da ƙwan lantarki a saman kansa, alamar basira, ya ce a gaggauta kai yaron asibiti. Watan da sunan mujallar ya rufe saman kan wani malami, ya ce, "Ka fille wa bawan Allah kai da manyan baƙaƙe. Ko ma'aikatar ilimi ba ta taɓa yi mana haka ba." An taɓa sa wata malama cikin farar riga fes, tana nuna allo da murmushi. Ya kafa tabarau a kan yatsunta ya ce, "Ba ta taɓa riƙe alli ba. Wannan tallan man goge baki ta zo yi."

Biyar ce cin jarrabawa. Mai Fenti bai taɓa ganin biyar ba. Sau ɗaya ya ga huɗu, washegari aka aiko aka rage ɗaya, wai an kwana an sake tunani.

Yakan gaya wa matarsa cewa makin tsohon bai dame shi ba ko kaɗan, shi da ya karɓi lambar yabo a gaban jama'a. Yakan faɗi haka sau da yawa, galibi ba tare da an tambaye shi ba.

Bayan bangon bahagwai da 'yan makonni aka kwantar da Hedimasta a asibiti, aka kuma dawo da shi da wuri fiye da yadda aka zata. Mai Fenti ya tarar da Iya tana shanya zanin gado a igiyar da ta ratsa tsakanin gidajen biyu, ya yi mata barka da sallama.

Ta matse bakin zanin, ruwa ya zuba a kan silifas ɗinta. "Likita ya ce a kai shi gida ya huta. Ka dai san irin wannan hutun." Ta yarfa zanin a igiya. "Shi kuwa abin da ya fara tambaya da muka shigo, wai yaushe mujallarka za ta fito. Ya sa Auta ta sayo masa sabon biro."

A nan Mai Fenti ya daina yi wa kansa ƙarya. Bango ɗaya ya rage masa, da wuya a samu na biyu, kuma yana son biyar ɗin nan kamar yadda bai taɓa son komai ba tun yana gajeren wando.

Dabara ta zo masa a hanyar ofis, kuma kamar yawancin dabarun da ke zuwa da sauri, ya ɗauka wahayi ce. Zai sa Hedimasta kansa a bango. Wa zai kayar da fuskarsa? Iya ta ciro masa tsohon hoto daga bangon falo a ɓoye: saurayi siriri cikin kwat da ta fi ƙarfinsa, hannu a kan tulin littattafai. Edita ta ce abin ya taɓa mata zuciya, har ta ba da take: Malaman da Suka Gina Mu. Mai Fenti ya goge tabon hoton, ya zuba masa launin zinariya a gefe, ya tabbatar babu harafin da ya kusanci kan. Bai juya komai ba. Ya fitar da gwaji a takarda mai ƙyalli ya nufi gida yana jin kansa.

Hedimasta yana jingine da matasai uku, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya karɓi takardar, ya nisantar da ita, ya kusantar.

"Iyar yara!"

"Na'am, Malam."

"Na mutu ne ba ku gaya mini ba?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"To ga sanarwar ta fito. Saura a rubuta ya bar mata ɗaya da maƙwabci mai fenti."

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ita ma koyarwa take yi a firamare, ta tura fuska cikin mayafi kafaɗunta na rawa.

"Girmamawa ce, Baba," in ji Mai Fenti.

"Na gode. Yanzu gaya mini, malamar da aka tura ƙauye, yara sun cika mata aji har taga, ta ɗauki mujallar nan, me za ta koya daga hancina? Mujallar ilimi babu ɗalibi ko na magani. Ka kori yara ka bar tsoho." Ya sake duban hoton, muryarsa ta ɗan sauka. "Saurayin dai kyakkyawa ne, ba a ƙwace masa wannan ba. Ɗaya, saboda shi."

"Kyakkyawa a ina?" in ji Iya. "Kunnuwa kamar za su tashi da shi. Kwat ɗin ma ta aro ce, ni na mayar wa mai ita."

"Amma kika aure shi."

"Tausayi ne."

Dariya ta sarƙe Hedimasta ta koma tari, Auta ta tallafe shi ta ba shi ruwa. Mai Fenti yana tsaye da takardarsa mai ƙyalli, abin duniya ya ishe shi.

"To wai me kake so, Baba? Ka faɗa mini kawai in yi."

"Ka taɓa ganin na ba da amsa kafin jarrabawa?" Ya share bakinsa. "Yaushe rabonka da aji? Ba na cikin kwamfuta ba. Aji mai ƙura."

Hedimasta ya juya wajen 'yarsa.

"Auta, tafi da shi gobe. Ki sa shi a bencin baya, wajen 'yan uwansa."

Haka aka yi. Mai lambar yabo ya zauna a bencin baya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, kyamara a cinya. Ajin na warin alli da gumi da ɓawon lemo. Yana ɗaga kyamara, yaran gaba ɗaya suka juyo, suka ɗaga hannu, suka washe baki, sak irin hotunan da ya saba ɗorawa. Ashe ba wani ne ya ƙirƙiro ƙaryar ba, su ma sun iya ta.

"Yaya, ajiye abin nan," in ji Auta. "Sai sun manta da kai."

Ya ajiye. Aka yi karatu, aka yi rubutu, wani ya kai ƙarar wani a kan fensir, aka yanke hukunci ba a saurari kowa ba. Ƙafarsa ta yi sanyi ta mutu. Na kusa da shi ya tambaye shi ko maimaita aji aka sa shi, ya ce eh, yaron ya yi masa jaje. Can wajen lissafi, lokacin da babu wanda ya ƙara kula shi, Auta ta rubuta bakwai sau takwas a allo ta kira wata 'yar ficiciya daga gefen taga. Yarinyar ta yi ɗage, ta rubuta amsarta can ƙasa da inda malama ta tsaya, ta ja da baya ta duba. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki tsumman goge allo.

Mai Fenti ya ɗauki hoton daga inda yake zaune, bai ko miƙe ba.

Edita ta daɗe tana kallon kwamfutarsa kafin ta yi magana.

"Ina fuska?"

"Babu."

"Bango babu fuska? Ƙeya za mu sayar? Ga wani ma yana hamma. Ga fentin bangon ajin duk ya ɓare. Ina tsohon namu mai ban tausayi?"

"Ya ba kansa ɗaya cikin goma."

"Shi ne editan ko ni?"

Mai Fenti ya san amsar, amma yana son aikinsa. Edita ta dubi agogo, maɗaba'a na jira, wayarta na ruri. Ta ce, "In ba a saya ba, kai za ka kwashe su ka kai gidanka ka yi matashi da su." A ofishin nan wannan shi ne amincewa.

Ya sa sunan mujallar can sama, a kan farin bangon ajin, inda bai taɓa kowa ba. Bai goge ɓarewar fentin ba, ko da yake hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi. Ya fitar da gwaji ya tafi da shi da rana tsaka, bai jira an tashi ba.

Ɗakin ya yi tsit, an zuge labule rabi. Kwalaben magani sun cinye teburin da littattafai suke zama a da. Hedimasta ya ƙara shigewa cikin matasan, idonsa a rufe. Iya na gefen gado da mafici.

"Tun safe bai ce komai ba," ta faɗa a hankali. "Shayin ma ya ƙi."

"To bari in dawo."

"Wa ya ce ka tafi?" in ji muryar da ke cikin matasan. "Ka makara, kuma kana neman guduwa. Kawo."

Auta ta sa masa tabarau. Hannunsa ba ya iya riƙe takarda, sai Mai Fenti ya durƙusa a gaban gadon ya riƙe masa ita da hannu biyu, fuskarsa a ɓoye a bayanta.

"Sunan mujallar..." Hedimasta ya fara, da muryar da ya saba yanka mutum da ita. Sai ya tsaya.

Mai Fenti ya leƙo ta gefen takardar. Leɓɓan tsohon suna motsi. Bakwai sau takwas. Idonsa ya sauka ƙasa, inda 'yar ficiciyar ta rubuta hamsin da shida da lambobi masu karkata, ya koma kan tsumman da ke hannunta a ɗage.

"Ke!"

Iya ta zabura har mafici ya faɗi.

"Ke, kada ki goge! Daidai ne. Ajiye tsumman nan." Ya ɗago yatsa da kyar ya nuna gefe. "Kai mai hamma, ina ganinka. Rufe bakin kafin ƙuda ya yi haya a ciki. Wancan kuma da ya ɗaga hannu har yana tashi daga benci, ba amsa ya sani ba. Fitsari yake ji."

Auta ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Wallahi Baba, fita ya roƙa."

"Na sani mana. Dubi yadda ya haɗe gwiwa. Bar shi ya je kafin a yi ɓarna." Idonsa na yawo a cikin ajin, benci bayan benci, fuskarsa ta saki kamar an kunce ɗaurin da ya daɗe. "Waɗannan biyun a raba su, ba karatu ya haɗa su ba. Ta bakin tagar can ba ta ganin allo, a dawo da ita gaba. Auta, rubutunki ya yi sama da yawa, kin manta ba tsawonku ɗaya ba."

"To, Baba."

Mai Fenti na nan durƙushe da takardar. Ya daure, ya daure, ya kasa.

"Baba... maki nawa?"

Hedimasta ya dube shi ta saman tabarau kamar yau ya fara ganinsa.

"Kai kuma wane ne? Ana darasi kana surutu. Ko ka zauna ko ka fita."

Mai Fenti ya zauna a ƙasa. Iya ta karɓi takardar ta jingina ta da butar shayi a kan kujera, daidai inda tsohon zai gani ba sai ya juya wuya ba. Ya ci gaba da kallo, numfashinsa na fita a hankali. Can ya ce, ba tare da ya kau da ido ba, "Mai Fenti."

"Na'am, Baba."

"Ta goge?"

"Ta goge, Baba. Ta tsaya ta ƙirga da yatsu. Sannan ta sake rubuta abin da ta goge."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Haka suke. Masu kan ne ke yin haka. Daƙiƙi ba ya taɓa shakka." Ya lumshe ido. "Iyar yara, ina shayin nan?"

Ya sha rabin kofi. Iya ta ce rabon da ya sha haka tun kafin asibiti.

Bai kai fitowar mujallar ba. Ya cika da hantsi, Auta na gyara masa matashi, Iya na ba shi labarin mai kayan miya da ya yi mata rashin kunya. Ta ce sai da ta kai ƙarshen labarin ta lura ba a katse ta ba.

Masu gaisuwa suka cika layin, yawancinsu tsofaffin ɗalibansa, masu furfura da tumbi da direbobi na jira a mota. Aka yi addu'a, aka yi jimami daidai gwargwado, sannan wani likita ya ce shi dai uku aka taɓa ba shi a insha'i, har yau in zai rubuta wa majiyyaci magani sai ya duba sau biyu. Wata mai shari'a ta ce uku ai gata ne, ita sifili ta samu, da ƙarin bayani a ƙasa. Kafin a jima zaman ya koma gasar wanda ya fi shan kaye, ana dariya ana share ido, Iya na daga ciki tana gyara wa masu ƙara gishiri.

"Kai fa, maƙwabci?" likitan ya tambayi Mai Fenti. "An ce kai ne ɗalibinsa na ƙarshe. Nawa ka tashi da shi?"

"Bai ba ni ba."

"Ko ɗaya?"

"Kora ta ya yi, wai ina damun aji."

Suka yi masa dariya, suka ce lallai nasa ya fi na kowa muni. Mai Fenti ya bar su a haka, yana murmushin da matarsa ta ce bai dace da gidan rasuwa ba.

Da jama'a suka ragu, ya tuna maɗaba'a na son a mayar musu da takardar gwajin don daidaita launi. Ya yi sallama a ƙofar ɗakin. Babu kowa. An kwashe kwalaben magani, an naɗe katifa, an buɗe tagogi duka biyu, iska na kaɗa labule. Kujerar ce kawai ba a taɓa ba. Takardar tana nan jingine da butar shayi, tana fuskantar gadon da babu kowa a kai, hasken la'asar ya sauka a kan allon, da 'yar yarinyar da ke tsaye a kan yatsun ƙafarta.

Ya ɗan tsaya. Sannan ya ja ƙofar a hankali, yadda ba za ta yi ƙara ba.